Firiyam biyu, amfilifaya ɗaya: wa zai riƙe kaurin bes?

Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa ɗaya, wato 41 Hz. Idan mai biyar ce, ta biyar ɗin sau 31 take yi. Sauti ne da ƙirji ke riga kunne jin sa, kuma fito da shi fili aiki ne mai cin wuta, domin dole lasifika ta tura iska mai yawa, ta ja baya, ta sake turawa. Ita kuwa jitar, abin da ke fita ta bakin wayarta bai taka kara ya karya ba: ɗan kaso ne na bolt ɗaya, wanda maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya ya tsinto. Kafin lasifika mai om 4 ta sha wat 500, sai an ɗaga wannan ɗan abu zuwa kusan bolt 45. Duk tulin kayan da ake gani a bayan makaɗin bes, aikinsu ke nan.

Aikin kashi biyu ne, ko da akwati ɗaya ne ya haɗa su. Na farko na firiyam ne. Shi ke karɓar raunanan sautin jita, ya ɗaga shi zuwa bolt ɗaya ko biyu, ya kuma ba shi hali. A nan ake ƙara kauri, a rage tsakiya, a fito da kaifi, ko a sa wa sautin kaushi. Na biyu na amfilifayar ƙarfi ne, wadda ba a neman ra'ayinta: abin da aka miƙa mata, shi za ta ƙara wa ƙarfi ta kai wa lasifika. Tun da Leo Fender ya fito da jitar Precision a 1951, ya bi ta da amfilifayar Bassman a 1952, yawancin makaɗa a haɗe suke sayen biyun. Ampeg SVT ta 1969, mai wat 300, wadda Rolling Stones suka zaga Amurka da ita a wannan shekarar, ita ma haka take, kai guda mai nauyin da ya haura kilo 35, a ɗore bisa akwati mai lasifika takwas 'yan inci 10. Wanda ya sayi SVT ya sayi murya mai kyau ƙwarai, amma dai guda ɗaya ce.

Cikin waɗanda suka fara raba ayyukan biyu da gaske akwai mutanen Alembic, kamfanin da aka kafa a Kalifoniya a 1969 a kewayen ƙungiyar Grateful Dead. Ɗaya daga cikinsu, Ron Wickersham, ya ɗauko tsarin firiyam ɗin Fender Dual Showman, ya zuba guda biyu a akwatin ƙarfe ɗaya mai suna F-2B, aka bar wa manyan amfilifayoyi irin na McIntosh ɗaukar nauyi. A 1974 abin ya kai maƙura da bangon lasifikokin da ƙungiyar ta yi yawo da shi, Wall of Sound, mai lasifika fiye da 600, inda aka tsara bes ɗin Phil Lesh ta yadda kowace tsirkiya za ta iya bin hanyarta daban zuwa lasifikokinta. A Ingila, Chris Squire na ƙungiyar Yes ya sa an raba wayar jitarsa ta Rickenbacker gida biyu, maganaɗisu ɗaya ya tafi amfilifayar bes, ɗayan ya tafi ta jita. Billy Sheehan ya bi wannan hanya har Yamaha ta ƙera masa jitar Attitude mai bakin waya biyu. Doug Pinnick na King's X ya gina muryarsa ne a kan haɗa kauri mai tsabta da kaifi mai kaushi.

Ba son tara kaya ne ya kai su nan ba. Matsala ɗaya ce ta dame su duka, kuma har yau tana nan: kaushi yana cinye kauri. Ana samun kaushi ne idan aka matsa wa na'ura fiye da iyakarta har ta riƙa datse kan igiyar sauti. To a bes, kaurin ne ya fi komai girma, shi ke fara kai wa iyakar, sai sautin ya caɓe, a kasa gane wace tsirkiya aka taɓa. Don gudun haka masu ƙera na'urorin kaushi kan rage kauri kafin a datse. Kaushin ya yi daɗi, amma da makaɗi ya taka maɓalli sai ƙasan kiɗan ya ɓace, mai ganga ya waiwayo yana neman abokin tafiyarsa. Maganin da waɗancan makaɗa suka gano shi ne a raba sautin hanya biyu, ɗaya ta riƙe kauri ba a taɓa ta ba, ɗaya ta je ta yi duk ɓarnar da ake so.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ɗora kowane irin haɗi a kansa. Firiyam na biyu bai cancanci shiga rak, wato akwatin da ake jera na'urori a ciki, ba sai yana da aikin da na farko ba zai iya yi a lokaci guda ba. Kuma komai yawansu, guda ɗaya ne kawai ya kamata ya riƙe kauri. Yawancin rigingimun da za mu tarar a gaba daga karya wannan ƙa'ida suke tasowa, kuma kusan duk a mahaɗa suke ɓuya: inda aka raba sauti, inda aka sake haɗa shi, da inda aka miƙa shi ga amfilifaya. Akwatunan kansu da wuya su zama masu laifi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta zaɓi. Firiyam biyu suna nan, amma ɗaya ne ke magana a lokaci guda, a sauya da maɓallin ƙafa. Mai bawul don waƙoƙi masu taushi, mai taransisto don masu zafi. Abu biyu kawai za a kiyaye. A daidaita ƙarfinsu da kunne, ba da lambobin da ke jikin abin murɗawa ba, don kada sauyawa ta zama tsalle. Sannan gara a yi zaɓin a wajen fitarsu, ba a wajen shigarsu kaɗai ba, in ba haka ba wanda ke hutawa zai ci gaba da zuba shuu ɗinsa a cikin amfilifaya.

Hanya ta biyu ita ce jerawa, wannan ya zuba a cikin wancan. Da yawa suna yin ta ba su ma sani ba, duk sanda suka sa SansAmp ɗin Tech 21 ko B7K ɗin Darkglass a gaban amfilifaya mai nata firiyam. Tana aiki, amma da sharaɗi. An ƙera bakin shigar firiyam ne don ɗan raunin jita. Idan aka watsa masa cikakken ƙarfin wani firiyam, zai shaƙe, ya ba da kaushin da ba wanda ya nema. Akwai kuma tarkon gyaran murya sau biyu. Tsarin Fender, wanda F-2B ya gada, ba ya miƙewa sambal idan aka ajiye duk abubuwan murɗawa a tsakiya. A nan ma ya riga ya kwashe tsakiyar sauti sosai. Sai an kai kauri wajen 2, tsakiya 10, kaifi 2 yake kusantar miƙewa. SansAmp ma an san shi da kwashe tsakiya. Jera su biyun, ka sami bes mai daɗin ji a ɗaki kai kaɗai, wanda zai ɓace ɓat da zarar jita da fiyano sun shigo, domin da tsakiyar ne kunne ke bin sawun bes a cikin taro. Wanda yake da amfilifaya mai haɗe kuma yana son jin sabon firiyam ɗinsa tsantsa, sai ya shigar da shi ta ƙofar dawowar ifet da ke bayanta. Wannan ƙofa tana tsallake firiyam ɗin ciki ta kai shi kai tsaye ga sashen ƙarfi.

Hanya ta uku, tafiya kafaɗa da kafaɗa, ita ce ta su Squire da Pinnick, kuma a nan gizo ke saƙar.

Fara da rabawa. Jitar da ba ta da batir tana son ta tarar da turjiya babba a gabanta, kusan om miliyan ɗaya, abin da yawancin firiyam ke bayarwa ke nan. Idan aka raba ta da waya mai reshe biyu zuwa firiyam biyu, turjiyar ta koma dubu 500. Uku, ta koma kusan dubu 333. Ƙari a kan haka, tsawon wayar da jitar ke ja ya ninku. Ba wai sautin zai mutu ba ne, a'a, amma kaifinsa zai ɗan dushe, ya rasa wannan ƙyallin da ake ji idan yatsa ya bar tsirkiya. Ƙaramar na'urar bafa tana magance wannan: ita ke karɓar jitar da turjiyar da take so, ta fitar da sauti mai ƙarfin ciyar da baki biyu ko uku. Na'urorin rabawa na Radial da Lehle don wannan aka yi su, kuma da yawansu suna da ƙaramar taransifoma a baki ɗaya, wadda amfaninta zai bayyana idan mun zo kan kugi. Jita mai batir ta riga ta zo da bafarta a ciki, ba ta damu da wannan ba.

Haɗawa ta fi rabawa haɗari. Wayar nan mai reshe biyu da za a iya lallaɓawa da ita wajen rabawa, haramun ce wajen haɗa fitar firiyam biyu. Bakin fita turjiyarsa ƙarama ce ƙwarai, sau da yawa om ɗari ko 'yan ɗaruruwa, an kuma ƙera shi ne don ya tura sauti cikin turjiyar dubu 10 ko fiye. Idan aka ɗaure biyu wuri ɗaya, kowanne zai riƙa tura wuta cikin ɗan'uwansa. Sakamakon shi ne sauti ya ragu, ya gurɓace, wani lokaci na'ura ta lalace. Dennis Bohn na kamfanin Rane ya yi rubutu na musamman a kan wannan kuskure kaɗai, saboda yawan masu faɗa masa. Abin da ake buƙata ƙaramar miksa ce, ko da mai layi biyu, inda kowane firiyam ke da nasa abin murɗawa. Ko kuma a guje wa haɗawar gaba ɗaya: yawancin amfilifayoyin ƙarfi layi biyu gare su, sai a ba kowane firiyam layinsa da akwatin lasifikarsa, sautukan su haɗu a iska. Wannan tsari yana da tsabta, sai dai dole a ɗauki akwati biyu duk inda za a je, kuma a jera su manne da juna, gara ɗaya bisa ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi rikita mutane. A ce an raba daidai, an haɗa da miksa daidai. Makaɗi ya buɗe layin farko shi kaɗai, ya ja tsirkiya mai kauri, ƙafar wandonsa tana rawa, marfin ganga ƙarama yana zirr a gefe. Ya rufe, ya buɗe na biyu shi kaɗai, shi ma garau. Sai ya bar na farko a buɗe, ya fara ɗago na biyu a hankali. Maimakon ƙaruwa, ƙasan sai janyewa yake yi. Ya kai daidai inda ƙarfinsu ya zo ɗaya, rawar wandon ta tsaya cak, abin da ya rage wani siririn sauti ne mai fita ta hanci. Ya juya wajen mai kula da sauti: "Maigida, na ƙara ne fa, amma bes ɗin ya gudu." Shi kuwa wanda ya saba, ko tashi ba zai yi ba: "Ƙanena, duba bayan na'urar rabawar nan, akwai maɓalli mai alamar 180. Danna shi." Ya danna, ƙasa ta dawo fiye da da.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Matakin ƙara ƙarfi na yau da kullum a cikin firiyam, na bawul ko na taransisto, yana kifar da igiyar sauti, sama ta koma ƙasa. Firiyam mai irin waɗannan matakai biyu zai fito da ita a miƙe, mai uku zai fito da ita a kife. Shi kaɗai, kunne ba zai damu ba. Amma idan aka haɗa miƙaƙƙe da kifaffe, ɗaya yana cewa lasifika ta fita, ɗaya yana cewa ta koma. Kamar mutum biyu ne ke tura mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya: gumi na zuba, mota na nan inda take. Kuma kauri ne ke fara mutuwa, domin a nan ne sautukan biyu suka fi kama da juna. Idan akwati biyu ake amfani da su, ana iya samun irin wannan daga wayar lasifika da aka ɗaura a juye. Gwajinsa batir mai bolt 9: a ɗan taɓa shi a wayar akwatin na ƙiftawar ido, a ga ko takardar lasifika ta fito ko ta shige. Dole akwatunan biyu su yi abu ɗaya.

Sai dai maɓallin 180 ba ya warkar da komai. Duk abin murɗawar gyaran murya yana ɗan karkatar da igiyar sauti a wasu wurare, don haka firiyam biyu ba sa taɓa zama daidai ko kishiya ɗari bisa ɗari. Wani wuri za su taimaki juna, wani wuri su ci juna. Idan kuma ɗaya daga cikinsu na dijital ne, an shiga wani babin, domin yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya gama lissafi. Jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ba kunnen da zai ji shi a matsayin jinkiri, ya isa ya haƙa rami a 500 Hz, da wani a 1500, da wani a 2500, idan aka haɗa shi da sautin da bai yi jinkiri ba. Jinkirin ya ninka, ramin farko ya sauko 250 Hz, tsakiyar naman bes. Juya fuska da maɓallin 180 ba ya cike ramukan nan, matsar da su kawai yake yi.

Shi ya sa na dage a kan cewa mai riƙe kauri ɗaya ne. Idan aka sa matata a hanyar kaushi ta tare duk abin da ke ƙasa da wajen 150 zuwa 250 Hz, to babu sauran abin da za ta yi faɗa da hanyar tsabta a kansa a can ƙasa. Wanda ke son rabuwa cikakkiya sai ya sa kurosoba, na'urar da ke yanka sauti gida biyu, ta tura ƙasa hanya ɗaya, sama hanya ɗaya. Gallien-Krueger 800RB ta farkon shekarun 1980 ta zo da wannan a cikinta, wat 300 ga ƙasa, 100 ga sama, kuma rabon nan kansa darasi ne game da inda wuta ke tafiya. Ni dai na fi son a bar hanyar tsabta cikakkiya, daga ƙasa har sama, a yanke ta kaushi kaɗai. Ta haka ko an kashe kaushin, ana da bes cikakke a hannu, kuma wurin yankan ba ya barin gurbi. A ina za a yanka? Kunne ne alƙali, amma a yi gwajin tare da mai ganga da mai jita, domin abin da ya yi daidai a kaɗaice sau da yawa ya yi yawa a taro.

Daga miksa sai amfilifayar ƙarfi, kuma a nan ma akwai mahaɗar da ke cin mutane. Kowace amfilifaya tana da adadin bolt da take buƙata kafin ta ba da cikakken ƙarfinta. Wasu amfilifayoyin Crown XLS, alal misali, suna ba da zaɓi tsakanin bolt 1.4 da 0.775. Ma'aunin kayan ƙwararru kusan bolt 1.23 ne, na kayan gida kuwa kusan 0.32. Firiyam na rak yakan kai na ƙwararrun ba wahala. Na ƙafa, musamman mai aiki da batir mai bolt 9, ba kowanne ke kaiwa da sauran numfashi ba. Sai ka ga mutum ya sayi amfilifaya mai wat 1000 yana kukan ba ta da ƙarfi, alhali ko rubu'inta bai taɓa ba, don abin da yake ciyar da ita bai kai ba. Miksa mai kyau tana cike wannan giɓi. A kuma sani cewa abin murɗawar da ke gaban amfilifaya ba ya ƙayyade wat. Rage abin da ke shiga kawai yake yi. Ko an ajiye shi a rabi, sauti mai ƙarfi zai iya kai ta maƙura. Jar fitilar da ke gabanta ita ce mai faɗin gaskiya: ta ɗan ƙifta a bugu mafi zafi ba laifi, ta zauna a kunne kuwa ana dafa koyil ɗin lasifika ne.

Lissafin om ba shi da wuya, amma ba a yi masa ganganci. Akwati biyu masu om 8 a layi ɗaya sun zama 4. Biyu masu 4 sun zama 2. Mai 8 da mai 4 sun zama kusan 2.7, kuma mai 4 ɗin zai sha ninkin abin da ɗan'uwansa ya sha. A duba bayan amfilifaya a ga mafi ƙanƙantar abin da ta yarda da shi. Idan aka haɗa layukanta biyu suka zama ɗaya, wato birij, kowane layi rabin turjiyar yake gani, don haka akwati mai om 4 ya zama kamar 2 ga kowannensu, kuma ba kowace amfilifaya ke jure haka ba. A yawancinsu ma wayar Speakon ta birij ɗaurinta daban ne, a kan 1+ da 2+. Irin wannan waya a yi mata alama da jan salatif, kada wata rana a cikin duhu ta shiga inda ba nata ba. Kuma wayar jita ba ta zama wayar lasifika ko da bakinsu ya zo ɗaya. Siririn zaren da ke cikinta ba zai ɗauki wannan wuta ba.

Game da yawan wat, kada lamba ta ruɗi kowa. Daga 500 zuwa 1000 ƙarin desibel 3 ne kacal, abin da kunne zai ce an ɗan ƙara. Kafin a ji kamar an ninka ƙara, sai an ninka wat kusan sau goma. Ƙara akwati na biyu irin na farko ya fi wannan riba nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ƙarin wat amfani kuma shi ne matata a can ƙasa, wajen 30 zuwa 40 Hz. Akwati mai ramin iska, idan sauti ya sauka ƙasa da inda aka daidaita ramin, takardar lasifika ba ta da abin da ke riƙe ta, sai ta yi ta lilo a banza, tana shan wuta ba ta ba da sauti. Dubi takardar yayin da makaɗi ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyi da ƙarfi: za ka ga ta yi tsalle waje ba tare da ka ji komai ba. Yawancin abin da muke kira kauri a 80 zuwa 120 Hz yake zaune. Akwatin nan na SVT mai lasifika takwas ya fara sauka tun wajen 60 Hz, kuma ba a taɓa zarginsa da rashin kauri ba.

Sai kugi. Na'urori da yawa a rak ɗaya, kowacce da wayar ƙasarta ta soket, ga kuma wayoyin sauti sun haɗa su, ga ƙarfen rak ɗin kansa ya sake haɗa su. Hanyar zuwa ƙasa ta zama fiye da ɗaya, ƙaramar wuta ta sami da'irar zagayawa, sai a ji wani huu mai nauyi, 50 Hz a ƙasashen da wutarsu ke kan 50, 60 a Amurka. Magani na farko a ciyar da duk rak ɗin daga soket ɗaya. Na biyu a yi amfani da wayoyi masu ƙafa uku, XLR ko makamancinsa, duk inda na'ura ta ba da dama, da maɓallin ɗage ƙasa da ke jikin bakin XLR ɗin. Na uku taransifomar nan ta na'urar rabawa, wadda ke wuce da sauti ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Abin da ba a yi, ko da wasa, shi ne karya ƙafar ƙasa ta fulogin wuta. Kugin zai iya tafiya, amma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin na'urorin nan, makaɗi kuma yana riƙe da su da hannu mai gumi. A ranar 3 ga Mayu 1972, Les Harvey, makaɗin jitar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba. Shekararsa 27.

Ga masu kiɗa a Najeriya da Nijar akwai ƙarin abin lura, tunda kayan hannu da yawa daga Amurka suke zuwa, inda wuta bolt 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. A karanta bayan kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya kafin a soka. Wasu suna karɓar kowace wuta, wasu suna da maɓallin sauyawa, wasu sai da taransifomar rage wuta, kuma wadda za ta ciyar da amfilifayar ƙarfi dole ta kasance babba, ba irin ta firiyam ba. Janareta kuma, in ya yi ƙanƙanta, duk bugun bes sai wuta ta dusashe, na'urar dijital ta mutu ta sake tashi a tsakiyar waƙa. Rak ɗin ma yana son iska a wannan zafi namu. Faɗinsa inci 19 ne, kowane hawa inci 1.75, kuma barin hawa ɗaya fanko a saman firiyam mai bawul ba asarar wuri ba ce. Amfilifaya a ƙasa saboda nauyi. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don kada ƙarar tashin sauran na'urori ta faɗa wa lasifika.

Akwai tambayar da ake yawan mantawa da ita har sai an isa wurin wasa: me za a aika wa babbar miksar zaure? A babban taro, jama'a ba akwatin makaɗi suke ji ba, lasifikokin zaure suke ji. Wanda ya ɓata watanni yana auna haɗinsa, sannan aka ɗauki sautinsa tun daga bakin jita kafin firiyam, shi kaɗai ke jin wahalarsa. Ko dai a aika haɗaɗɗen daga miksar rak, ko a aika layi biyu, tsabta daban kaushi daban, mai kula da sauti ya auna su gwargwadon zauren. Na biyun ya fi, idan akwai yarda tsakaninku. Ba sabon abu ba ne bes ya tafi kai tsaye: yawancin abin da James Jamerson ya naɗa a Motown, a Detroit, ta waya ya shiga tebur. Geddy Lee na Rush ya kai ga daina sa amfilifaya a dandamali gaba ɗaya, har a rangadin 2002 injinan busar da tufafi ne suka tsaya a gurbin akwatunansa. Da Tech 21 ta ƙera masa GED-2112 a 2017, abin da ta zuba a ciki firiyam biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na kauri, ɗaya na kaushi.

Firiyam na uku fa? Yana da hujja idan akwai kayan kiɗa na biyu, kamar babban bes na tsaye mai na'urar tsinto sauti ta fizo, wanda ke son turjiya mai yawan gaske, miliyoyin om, da gyaran murya nasa na kansa. Wannan zaɓi ne, ba haɗi ba. Amma uku a haɗe a lokaci guda, kowane ƙari yana zuwa da nasa shuu, da nasa karkata, da wayoyi biyu da za su iya kwancewa a mota, kuma da wuya kunne ya bambance na ukun idan ganga ta tashi.

Na'urorin dijital irin su Line 6 Helix da Quad Cortex na Neural DSP sun shigar da duk wannan cikin akwati ɗaya: rabawa, matata, juya fuska, haɗawa, duk a kan allo. Wayoyi sun ragu, kugi ya ragu, amma hanyar kaushi har yanzu tana son a yanke mata ƙasa, kuma har yanzu dole a duba ko fitar na'urar ta kai bolt ɗin da amfilifaya ke nema. Sun kuma zo da nasu tarko. A cikinsu akwai kwaikwayon akwatin lasifika, wanda ke da amfani ga layin da zai tafi miksar zaure. Layin da zai tafi amfilifayar ƙarfi da akwati na gaske kuwa, a cire masa wannan kwaikwayo, in ba haka ba sautin zai ratsa akwati biyu a jere, ya fito a toshe.